Kantu ya kada mutum nawa?

A fadarmu ta bayan sallar isha'i, nan unguwar Bukoki a Yamai, akwai gardamar da ba ta tsufa. Da zarar hunturu ya kama, gidajen rediyo suka fara tallar gasar takobi, sai wani ya tayar da ita: tsakanin Kantu na Maraɗi da Issaka Issaka na Doso, wa ya fi? Dattawa ba sa ko son a jera sunayen biyu tare. A wurinsu Yacouba Ango Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, shi ne kokowa, sauran duk 'yan rakiya ne. Samari kuwa hujjarsu ɗaya ce: takobi shida, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. A sha shayi na ɗaya, a sha na biyu, a sha na uku, kowa yana kan bakansa.

Wani dare da gardamar ta yi zafi, sai halin malanta ya motsa mini. Na ce, "To Alhaji, Kantu ya kada mutum nawa a gasar takobi, kuma sau nawa aka kada shi?" Dattijon da ya fi kowa ɗaga murya ya yi mini wani irin kallo, ya ce, "Malam, ai ba su ƙirguwa." Na juya wajen samarin, na yi musu tambayar nan a kan nasu gwanin. Su ma shiru. Amma da na ce Messi ya ci ƙwallo nawa a shekarar 2012, kafin in rufe baki mutum uku sun ce 91.

Na fi shekara ashirin ina koyarwa a firamare, mafi yawa a ajin CM2, kuma abin ya tsaya mini a rai. Yaran da muke kuka da su cewa ba sa riƙe lissafi sun haddace alƙaluman ɗan ƙwallon wata nahiya, ba su san na ɗan kokowar ƙasarsu ba. Laifin ba nasu ba ne. Na Messi an rubuta, an ajiye, an sa a tafin hannunsu. Na Kantu yana cikin kawunan tsofaffi.

Na ba ɗan yayata da ke zaune a birnin New York labarin ta WhatsApp, don mu yi dariya. Washegari sai ya turo mini hoton wani ɗan jadawali da bai kai faɗin tafin hannu ba, ya ce, "Kawu, ka ga yadda mutanen nan suke yin tasu gardamar." Jadawalin wani wasan besbol ne da aka buga ranar 8 ga Oktoba, 1956. Ku tuna, a lokacin Nijar ba ta ko samu 'yancin kai ba. Shekarar ce aka zaɓi Djibo Bakary magajin garin Yamai.

Besbol ba wasanmu ba ne, ni ma ban taɓa riƙe gorarsa ba, don haka ga shi a taƙaice kamar yadda aka yi mini bayani. Kowane ɓangare mutum tara ne. Mai jifa na wannan ɓangare yana wurga ƙwallo, 'yan ɗaya ɓangaren suna zuwa ɗaya bayan ɗaya su buga ta da gora, su ruga su taka wasu tashoshi huɗu. Wanda ya zagaye su duka ya ci maki ɗaya. Idan aka fitar da masu bugu uku, sai a yi musaya. Zagaye tara ake yi. Wato ɓangaren da ya yi bugu a duk zagaye tara, ana fitar masa da mutum sau 27.

A wannan rana ƙungiyar Yankees ta New York ta karɓi Dodgers ta Brooklyn, a wasa na biyar na zagayen ƙarshe na gasar ƙasar. Mai jifan Yankees, Don Larsen, ya fuskanci masu bugu 27, ya fitar da su duka 27, babu wanda ya taka ko tashar farko. Jifa 97 ya yi. Yankees suka ci 2 da nema, ɗaya daga cikin makin Mickey Mantle ne ya ci da bugun da ya tsallake shinge a zagaye na huɗu. 'Yan kallo 64,519. Har yau ba a sake yin irinsa a wannan mataki na gasar ba. Duk wannan yana cikin ɗan jadawalin, amma ba shi ne ya ɗauki hankalina ba. Abin da ya ɗauke shi shi ne ɓangaren waɗanda aka ci. Sunan kowane ɗayansu yana nan a kan layinsa, da sau nawa ya zo bugu, da sifiri a gabansa. Har Jackie Robinson, baƙar fatan da ya fasa shingen wariya a wasan a 1947: zuwa uku, dacewa babu.

Mutum na 27 shi ne Dale Mitchell. An sako shi a madadin wani, ya zo sau ɗaya, aka fitar da shi, wasa ya ƙare. Da a bakin mawaƙi labarin ya zauna, iyakar abin da za a sani game da shi ke nan: wanda aka rufe wasa da shi. Amma da yake an rubuta duk wasannin da ya buga, duk mai so zai iya dubawa ya ga cewa a tsawon rayuwarsa ta wasa, cikin kowane zuwa dubu ya dace sau 312, wanda a besbol gwaninta ce babba. Shi kuma Larsen, jarumin ranar, littafin nan ya nuna ba wani gagarabadau ba ne. Wasannin da aka lissafa masa nasara 81 ne, na faɗuwa 91. A 1954 ya yi nasara sau 3, ya faɗi sau 21. Kwana uku kafin ranar tarihin ma, a wasa na biyu, tun a zagaye na biyu aka cire shi. Talakan ɗan wasa ne da Allah ya ba rana guda. Rubutu ya ba kowannensu haƙƙinsa, bai ƙara wa wannan ba, bai tauye wancan ba.

Akwai labarin da ya fi wannan kusa da mu. Kafin 1947 ba a barin baƙaƙen fata su buga a manyan ƙungiyoyin Amurka, sai suka kafa nasu gasanni. Gwaninsu Josh Gibson ya rasu a watan Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin a buɗe wa Robinson ƙofa. Shekaru da yawa abin da ya rage nasa shi ne irin namu na fada: an ce ya yi kaza, an ce babu kamarsa, an ce bugunsa mai tsallake shinge ya kusa 800. Masu littafin tarihin wasan suka ce ba a shigar da "an ce". Sai wasu masu naci suka bi tsoffin jaridun baƙaƙen fata irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender, shafi bayan shafi, suna kwafe irin ɗan jadawalin nan da wani ɗan jarida ya zauna a gefen fili ya cike da fensir. A watan Disamban 2020 hukumar wasan ta amince cewa gasanni bakwai na baƙaƙen fata, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasanni ne. A watan Mayun 2024 aka shigar da alƙaluman 'yan wasa fiye da 2,300 cikin babban littafi. Ranar nan Gibson, da dacewa 372 cikin dubu, ya hau saman Ty Cobb mai 367, wanda ya kusa ƙarni guda yana riƙe da kambun.

Sai dai ku lura da ɗaya gefen. Bugun nan da aka ce ya kusa 800, wanda aka samu a rubuce a wasannin gasa bai kai 200 ba, domin sauran a wasannin yawon gari aka yi su, inda ba mai riƙe fensir. Abin da aka rubuta ya dawo masa bayan shekara 77 a kabari. Abin da ba a rubuta ba ya tafi.

Ba ina cewa mu ba mu da hanyar ajiye tarihi ba ne. Muna da ita, kuma ta fi jadawali daɗi. Wanda ya ji Ɗan Anace yana wasa Shago ya san dambe ko bai taɓa zuwa fage ba, haka wanda ya ji Sagalo yana zuga 'yan kokowa. Kirari yana ɗauke da garin mutum da zuriyarsa da sunayen manyan da ya kayar. Mun kuma sa wa filayenmu sunayen mazaje: na Maraɗi Kantu, na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa. Jerin waɗanda suka ɗauki takobi tun daga 1975 sananne ne. Amma mawaƙi ba ya yi wa wanda aka kada waƙa, kuma ba aikinsa ba ne. Kirari bai taɓa cewa "an kada ni sau huɗu" ba. Kowace shekara mutum 80 ke shiga fili, goma daga kowace jaha cikin jahohi takwas. Ɗaya ke ɗaukar takobi. Sauran 79 ɗin, waɗanda suka bar gona da iyali suka yi watanni suna atisaye, bayan shekara goma wa ke iya kawo sunayensu? Akwai wanda ya yi shekaru yana kada mutum biyar, shida a kowace gasa, bai taɓa kai wa ga takobi ba don kullum yana gamuwa da na gaba da shi a rana ta ƙarshe. Irin wannan, jadawali ne kaɗai zai iya fitar da shi kunya a gaban jikokinsa.

Na san wani zai ce wannan aikin hukuma ne da 'yan jarida. Da gaskiyarsa, kuma jaridar Le Sahel da Télé Sahel da Muryar Sahel sun daɗe suna bin gasar. Amma ko a Amurkan ba gwamnati ce ta yi aikin ba. Ɗan jadawalin nan wani ɗan jarida ne, Henry Chadwick, ya tsara shi tun 1859. Babbar ma'ajiyar tsoffin wasanni da ake kira Retrosheet kuwa, wani malamin kimiyyar halittu a jami'a, David Smith, ya kafa ta a 1989, 'yan sa-kai suka cika ta. Malami ne irinmu. Shi ya sa nake magana da malamai da iyaye, ba da wani ofishi ba.

Ga abin da na gwada. Gasar takobi a 'yan shekarun nan tana faɗowa a ƙarshen Disamba, daidai hutun zangon farko, lokacin da ba abin da yara ke yi sai kallonta. Kafin a tashi hutu na raba ajina rukuni takwas, kowane rukuni da jaharsa. Na ce kowa ya ware shafi biyu a littafinsa na lissafi, ya ja layuka: sunan ɗan kokowa, wanda ya kara da shi, ya kada, an kada shi, kunnen doki, da mintocin da aka yi in sun samu. Wanda gidansu babu talabijin ya saurari rediyo, ko ya leƙa maƙwabta. Ban sa ran abin kirki ba, don aikin hutu a wurinmu sunansa kawai ake ji. Da aka dawo, har waɗanda ban taɓa ganin sun gama aikin gida ba sun cika shafukansu, wasu sun ƙara na uku.

Tambayar farko da na yi musu ita ce: jaha takwas, kowacce za ta gamu da kowacce sau ɗaya, gamuwa nawa ke nan? Kusan duk ajin suka ce 56, takwas sau bakwai. Na yi shiru. Can wani yaro daga bencin baya, wanda kullum nake kora don surutu, ya ce ai Doso da Tawa, da Tawa da Doso, abu ɗaya ne, an ƙirga sau biyu. Suka raba biyu, suka samu 28. Kowace gamuwa karo goma, wato karo 280 idan babu wanda ya janye. Na yi shekaru ina neman hanyar da zan sa yaro ya gano da kansa cewa ya ƙirga abu sau biyu. Mangwaro da lemun da ke cikin littafin lissafi ba su taɓa yi mini wannan ba.

Wadda ta fi burge ni wata yarinya ce. Ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe," (haka yaranmu ke kiran malami, daga Faransanci, 'yan uwanmu na Kano da Katsina ku yi haƙuri, mun san abin da kalmar ke nufi a Hausa) "wanda ya kada biyar cikin bakwai, da wanda ya kada huɗu cikin biyar don rauni ya hana shi sauran, wa ya fi?" Aji ya rabu biyu kamar fadarmu. Masu biyar suka ce biyar ta fi huɗu. Na ce to a mayar da kowanne kan ɗari mu gani. Suka samu 71 da 'yan kai, suka samu 80. Darasin kashi cikin ɗari, wanda nake shan wahalarsa mako biyu kowace shekara, yara ne suka roƙe shi da bakinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da gwajin PASEC na 2014 ya nuna fiye da tara cikin goma na masu gama firamare ba su kai matakin da ake bukata a lissafi ba. Na 2019 ya nuna an ɗan matsa gaba, amma mafi yawa suna ƙasa da matakin har yanzu.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Wani uba ya same ni a ƙofar makaranta ya ce, "Malam, na kawo ɗana ya yi karatu, ka mayar mini da shi ɗan kallon kokowa, da layu da tsubbace-tsubbacen da ake yi a can." Na ce masa yaron yana kallo ko na sa shi ko ban sa shi ba, bambancin kawai yanzu yana kallo da biro a hannu. Kuma a jadawalinmu babu layin laya, wanda ya faɗi ya faɗi. Ya yi dariya, amma ban ce na gamsar da shi ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi wata abokiyar aikina ce ta kawo shi, kuma har yanzu ina juya shi. Ta ce samarin da suka haddace 91 ɗin nan, da yawansu ba don son ilimi ba ne, cacar ƙwallo ce ta waya ta koya musu. Idan muka saba wa yaro da bin alƙaluman wasa, ba hanyar muke share masa ba? Ban raina wannan magana ba, don na ga gidajen da cacar nan ta shiga. Amma abin da na gani shi ne mai caca rabin lissafi ya iya. Ya san wane ya ci sau biyar a jere, bai san cewa mai kamfanin ya riga ya cire rabonsa a cikin kowace dala da aka zuba ba, ko wa ya ci. Yaron da ya iya mayar da abu kan ɗari shi ne za a iya zaunar da shi a nuna masa wannan a kan allo. Wanda bai iya ba, wa'azi kawai za a yi masa, ya fita ya koma.

Akwai kuma gaskiyar da dattawan fada ke da ita, wadda dole a koya wa yara tare da jadawalin: lamba ita kaɗai tana iya yaudara. A zamanin Kantu jahohi bakwai ne, Tilaberi tana cikin Yamai, don haka ƙirga kaye kawai ba adalci ba ne tsakanin zamani da zamani. A gasar takobi ba a raba mutane bisa nauyi, ƙaramin da ya kada ƙato da ƙaton da ya kada ƙarami duk "ɗaya" za a rubuta musu. Mai tsoron kaye da ke ja da baya har lokaci ya cika, layinsa na "an kada shi" zai fito fes. Ni a ganina wannan ma darasi ne, wataƙila ya fi na rabawa da ninkawa: yaro ya saba tambayar cikin nawa, a yaushe, da wa. Gobe za a karanto masa alƙaluman farashin gero, ko na sakamakon jarrabawa, ko na zaɓe.

Abin da nake roƙon 'yan uwana malamai ƙarami ne. Kowace makaranta tana da wasan ƙwallo tsakanin azuzuwa, ko langa, ko tseren 'yan mata a ƙarshen shekara. A sayi littafi ɗaya mai kauri, a naɗa yara biyu marubuta, mace da namiji, su rubuta rana da sunayen duk waɗanda suka shiga, har na ƙarshe, a ajiye shi a ofishin darakta tare da rajistar makaranta. Da Hausa, da Zabarmanci, da Faransanci, duk ɗaya ne, in dai an sa kwanan wata. Ni makarantar da na yi a ƙauyenmu akwai wani yaro da ba a taɓa tsere masa ba shekara uku a jere. Na tambayi abokan ajinmu huɗu, kowa da sunan da ya ba ni.

Iyaye kuwa naku ya fi gaggawa. Wanda ya ga gasar Tawa ta 1975 yana saurayi ɗan ashirin, yau ya kai saba'in ko ya haura. A nan Yamai akwai cibiyar CELHTO da ke tattara tarihin baka tun 1968, amma ba za ta iya shiga kowane zaure ba. Jika yana iya shiga. Ku tura yaro wajen kakansa da littafi, ya tambaye shi kokowar kaka da ake yi a garinsu bayan an cire amfanin gona: su wa suka kara, a wace shekara, shekarar wane sarki ko wace yunwa in ba a riƙe lamba ba. Ya rubuta sunan wanda ya faɗa masa a gefe. In ya samu mutum na biyu da ya gani da idonsa, ya sa alama. In maganarsu ta saɓa, kada ya zaɓa, ya rubuta duka.

Ni ma na bi shawarar kaina. Na je fada da littafi sabo, na ce wa Alhaji tunda ba su ƙirguwa, mu fara da waɗanda ya gani da idonsa. Da farko ya ce ba ya son aikin 'yan lakwal. Da aka zuba shayi na biyu sai ya gyara zama. Ya kusa awa guda yana magana, ya ba ni karo goma sha ɗaya, da garin da aka yi kowanne, har da wani ɗan ƙauyensu da ban taɓa jin sunansa ba, wanda ya ce sau biyu yana wakiltar jaharsu. A karo na tara wani dattijo da ke gefe, wanda bai ce uffan ba tun da aka fara, ya ce a'a, wannan ba a Damagaram aka yi shi ba, a Maraɗi ne, yana wurin. Suka kaure. Na rubuta Damagaram na sa sunan Alhaji, na rubuta Maraɗi na sa sunan ɗayan, na bar layi biyu a ƙasa, domin sun ce akwai wani tsohon makaɗi a unguwar Lazare da ya buga ganga a ranar. Jumma'a mai zuwa bayan an sauko za mu je.